Yadda Ake Tantance Ra'ayoyin Masoya Kan Albam na Wasan Dandamali: Misali da ABBA a Wembley

Duk wanda ya taɓa neman sanin ko wani albam da aka naɗa a gaban 'yan kallo ya cancanci kuɗinsa ko lokacinsa ya san cewa ra'ayoyin masoya ba sa ƙaranci, sai dai su yi yawa har su rikita mutum. Wannan ya ce bai taɓa jin abin da ya kama ƙafarsa ba, wancan ya ce yaudara ce tsagwaronta, alhali dukansu masoyan ƙungiya ɗaya ne. Hanyar fita daga wannan ruɗani ita ce ka koyi rarrabe maganganun gida uku: wadda za a iya bincikawa a tabbatar ko a ƙaryata, da wadda sha'awar kunnen mai ita ce kawai, da wadda ba a kan faifan take ba sam, a kan ƙuruciyar mai maganar take. Ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin ta dace da wannan darasi, domin tana da albam biyu na dandamali waɗanda mafi yawan abin da ke cikinsu daga zaure ɗaya aka ɗauko shi, amma masoya suka yi wa ɗaya tofin Allah tsine, suka karɓi ɗayan hannu bibbiyu.

ABBA mutum huɗu ne: Agnetha Fältskog, Anni-Frid Lyngstad, Björn Ulvaeus da Benny Andersson. Sunansu ya fita duniya a 1974, lokacin da suka ci gasar waƙa ta Eurovision a garin Brighton na Ingila, kuma duk da irin shaharar da suka yi ba su kasance masu yawan yawon wasa ba. Manyan zagayensu su ne na 1977 a Turai da Ostareliya, da na 1979 a Arewacin Amurka da Turai, sai kuma Japan a watan Maris na 1980. Ƙarfinsu a situdiyo yake, inda injiniyan sautinsu Michael B. Tretow yake jera murya a kan murya da kiɗa a kan kiɗa har sautin ya yi kauri. Ka riƙe wannan a zuciyarka tun yanzu, domin kunnen da ya saba da wannan kaurin shi ne yake zuwa ya yanke hukunci a kan abin da aka yi cikin dare guda ba tare da damar maimaitawa ba.

Fara da tabbatar da faifan da ake magana a kansa

A watan Nuwamba na 1979 ABBA sun yi dare shida a jere a Wembley Arena da ke Landan, daga ranar 5 zuwa ranar 10 ga wata. Wurin zaure ne mai rufi, ba shi ne babban filin ƙwallon ƙafa da ke maƙwabtaka da shi ba, kuma idan ka ga mai ra'ayi yana kwatanta yadda sauti ya tashi sama a filin wasa, to ka san bai san inda aka yi abin ba. Daga waɗannan darare aka ɗauko mafi yawan waƙoƙin albam ɗin da ya fito a 1986 mai suna ABBA Live, kuma daga daren ƙarshe, wato 10 ga Nuwamba, aka ɗauko albam ɗin Live at Wembley Arena wanda ya fito a 2014, shekara 40 bayan nasararsu a Brighton. Tsakanin fitowar na farko da na biyu akwai shekara 28.

Saboda haka kafin ka ba wani ra'ayi nauyi, duba shekarar da aka rubuta shi da kuma faifan da mai shi ya riƙe a hannu. Mutumin da ya ce wasan ABBA na Wembley ba shi da rai, kuma ya faɗi haka kafin 2014, ba zai yiwu yana nufin sabon albam ɗin ba. Ko a cikin na 1986 ma akwai bambanci, domin faifan garmaho ya zo da waƙa 11, faifan CD kuma ya zo da 14, ta yadda wanda ya yi ƙorafin cewa an bar wata waƙa zai iya kasancewa ya faɗi gaskiya a kan nasa bugun, ya yi kuskure a kan naka. Shagunan intanet suna ƙara dagula wannan lamari, saboda sukan tara ra'ayoyin bugu daban-daban ƙarƙashin suna ɗaya, su haɗa taurarin da masu saye suke bayarwa a matsayin maki su fitar da matsakaici. Adadin taurarin da kake gani a sama ba shi da amfani sosai idan ba ka san ra'ayoyin da aka tara aka same shi ba.

Binciki inda aka ɗauko kowace waƙa

Tambaya ta biyu ita ce ko wasan dare ɗaya ne ko kuwa tsintsiya aka ɗaura daga wurare da yawa. Wannan ba al'amarin sha'awa ba ne, abu ne da ake rubutawa a takardar da ke cikin kwalin faifai, kuma wani lokaci lissafin shekaru kaɗai ya isa ya ba ka amsa. Albam ɗin 1986 ya haɗa abin da aka naɗa a Wembley a 1979 da wanda aka naɗa a Ostareliya a 1977, da kuma wanda aka ɗauko daga wani shirin talabijin da suka yi da Dick Cavett, mai gabatar da shirin hira ɗan Amurka, a 1981. Ko ba ka ga takardar ba, kana ganin waƙar Super Trouper a cikin jerin za ka gane, domin sai a 1980 ta fito, don haka ba ta yiwu a ce an rera ta a Wembley shekara guda kafin nan. Masoyin da ya ce albam ɗin bai ba shi jin cewa yana zaune a wuri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba yana da hujja a hannunsa, tun da zauren Landan da dandamalin Ostareliya da ɗakin talabijin ba sautinsu ɗaya ba, kuma 'yan kallonsu ma ba yawansu ɗaya ba.

Albam ɗin 2014 kuwa an gabatar da shi a matsayin dare ɗaya, waƙa 25 a faifan CD biyu, bisa jerin da aka yi su, har da maganganun da mawaƙan suke yi tsakanin waƙa da waƙa. Ludvig Andersson, ɗan Benny, shi ne ya jagoranci aikin. Mafi yawan yabon da masoya suka yi masa a kan wannan yake: mutum ya saka faifai ya bi wasan kamar yadda ya gudana, da hawansa da saukarsa. Wannan yabo ne da za ka iya dogara da shi, domin ya tsaya a kan abin da kowa zai iya dubawa.

Zargin gyara a situdiyo, da yadda ake gwada shi da kunne

A nan ne gardama ta fi zafi, kuma a nan ne ya kamata ka fi ɗaukar lokaci. Kusan babu albam ɗin dandamali da ba a taɓa zarginsa da cewa an koma situdiyo an sake wasu sassa ba. Abin da za ka fara fahimta shi ne cewa da wuya a sami faifan da yake zuwa daga zaure kai tsaye zuwa kasuwa. Ana naɗar kowace murya da kowane kayan kiɗa a layinsa daban, ana kafa wasu makirufo suna fuskantar jama'a don ɗaukar tafi da sowa, sannan daga baya injiniya ya zauna ya daidaita su, ya ɗaga wannan ya sassauta wancan. Wannan haɗa sauti ne, kuma ba laifi ba ne. Abin da masoya suke kira ha'inci shi ne a ƙara abin da ba a buga a daren ba, ko a cire abin da aka buga a maye gurbinsa da wani.

A kan albam ɗin 1986 zargin ya tabbata: an ɗora sautin gangunan lantarki irin na shekarun 1980 a kan waƙoƙi da dama, domin su yi daidai da abin da kunnen kasuwa yake so a lokacin. Wannan shi ne babban abin da ya ɓata wa masoya rai, kuma a ganina suna da gaskiya. A dandamalin 1979 akwai makaɗin ganga na gaske, Ola Brunkert, tare da Rutger Gunnarsson a jitar bes da Lasse Wellander a jita, mutanen da suka daɗe suna yi wa ABBA kiɗa a situdiyo. Rufe hannun irin wannan makaɗi da sautin na'ura ya kawar da ainihin abin da ake sayen albam ɗin dandamali domin a ji.

Ga yadda za ka gwada da kanka. Zaɓi waƙa ɗaya da take cikin albam ɗin duka biyu, ka saka na'urar sauraro a kunnuwanka maimakon lasifikar waya, ka bar muryoyin ka bi ganga kaɗai na tsawon minti guda. Hannun mutum ba ya yin bugu biyu iri ɗaya: wani bugun ya fi wani ƙarfi, kuma idan an kusa shiga amshi za ka ji makaɗin ya ɗan matsa gaba, kamar mai ɗokin isowa. Bugun na'ura kuwa kowanne tamkar ɗan'uwansa yake, da ƙarfi ɗaya da tsawo ɗaya. Sai ka saurari abin da ke biyo bayan bugun. A zaure mai rufi sauti yakan bugi bango ya dawo, makirufon da ke fuskantar jama'a ya ɗauke shi da ɗan jinkiri, don haka gangar gaske tana da wutsiya mai laushi da take gauraye da hayaniyar mutane. Gangar da aka ɗora daga baya tana zaune a saman komai, tsaf, kamar ba a ɗakin take ba. Idan ka saba da wannan bambanci sau ɗaya, ba za ka ƙara buƙatar wani ya gaya maka ba.

Haka za ka yi wa muryoyi. Mawaƙiyar da take tafiya a dandamali tana rera waƙa ana jin numfashinta, kuma ƙarfin muryarta yana ɗan canzawa idan ta juya kai daga makirufo. Sai dai a nan a yi hattara da wani kuskure da masu zargi suke yawan yi. Sukan ji amshi ya cika ya yi kauri, su ce mata biyu ba za su iya fitar da wannan ba, lallai an ƙara. Sun manta cewa ABBA sun yi zagayen 1979 da 'yan amshi a bayansu, daidai don su cike gurbin muryoyin da Tretow yake jerawa a situdiyo. Kaurin amshi shi kaɗai ba hujja ba ne. Mai zargin da ya ambaci waƙa da daidai wurin da ya ji abin da ya ji ya cancanci a saurare shi, wanda kuwa ya ce kawai abin ya yi kyau fiye da kima, zato yake yi.

Wuri na uku da ake kama gyara shi ne tsakanin waƙoƙi. Saurari tafi: idan ya tashi farat ɗaya ya sauka farat ɗaya, ko kuwa launinsa ya canza a tsakiya kamar an buɗe wata ƙofa, to an yi ɗinki a wurin.

San wanda yake magana

Bayan ka ware abin da ake iya bincikawa, sauran ra'ayi ne, kuma darajar ra'ayi tana ga sanin inda mai shi ya tsaya. Akwai wanda ya halarci wasan da kansa. Shaidarsa tana da amfani a kan abin da ya faru, kamar jerin waƙoƙi da tufafi da abin da aka faɗa, amma ba ta da ƙarfi a kan ingancin faifai, domin shi ba faifan yake saurare ba, daren yake tunawa. Tamkar wanda ya dawo daga bikin ƙanwarsa ne aka tambaye shi ko abincin ya yi daɗi: zai ce ya yi, kuma ba ƙarya yake ba, amma ba za ka ɗauki mai dafa abincin aiki bisa maganarsa kaɗai ba. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu, ya ce faifan bai kai abin da ya gani ba, alhali babu faifan da zai kai.

Akwai wanda ya san waƙoƙin daga rediyo da kaset, wanda duk wani bambanci yake ɗauka aibi ne. Zai ce an yi sauri, ko jita ta yi ƙara, ko muryar ba ta yi santsi ba. Sau da yawa abin da ya lura da shi gaskiya ne, domin ABBA a dandamali sun fi kaushi da ƙarfin jita fiye da yadda aka san su a faifai, amma hukuncin da ya yanke nasa ne. Abin da ya kore shi zai iya zama abin da zai jawo ka. Saboda haka idan kana karanta irin wannan mutum, ɗauki bayaninsa ka bar masa makinsa.

Akwai kuma mai tara faifai, wanda burinsa cikar kaya. Shi ne zai gaya maka cewa albam ɗin 2014 ya kawo I'm Still Alive, waƙar da Agnetha ta rera tana kaɗa fiyano a zagayen 1979, wadda ba ta taɓa fitowa a faifan hukuma ba kafin nan. Shi ne kuma zai yi ƙorafin cewa an cire waƙar da Tomas Ledin, ɗaya daga cikin 'yan amshi, ya rera shi kaɗai a tsakiyar wasan, don haka kiran albam ɗin cikakken wasa bai cika daidai ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma ya kamata ka san ta, sai dai ka tambayi kanka ko rashin waƙar wani da ba ɗan ƙungiyar ba zai rage maka jin daɗi. Ga mafi yawan masu sauraro ba zai rage ba. Mai tara faifai shi ne ya fi kowa amfani wajen bayanai, ya kuma fi kowa tsanani wajen ba da maki.

Rukuni na ƙarshe su ne masu karanta rayuwar mawaƙa a cikin sauti. An sanar da rabuwar auren Björn da Agnetha a farkon 1979, watanni kafin zagayen, saboda haka ba a rasa masu cewa suna jin baƙin ciki a muryarta a wannan waƙa ko waccan. Babu yadda za a tabbatar da irin wannan magana ko a ƙaryata ta, don haka ka karanta ta don nishaɗi, kada ka gina shawarar saye a kanta.

Hayaniyar jama'a

A kan wannan masoya ba za su taɓa haɗuwa ba, domin wasu suna so su ji kamar suna tsakiyar taro, wasu kuma suna so a kawar musu da taron su ji kiɗa. Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na ƙungiyar Beatles a Hollywood Bowl da ke Amurka. An naɗi wasanninsu na can a 1964 da 1965 da na'ura mai layi uku kacal, ihun 'yan kallo ya kusa danne kiɗan gaba ɗaya, har sai a 1977 George Martin, mai shirya musu faifai, ya tace abin ya fito. A 2016 ɗansa Giles Martin ya sake aikin da sabuwar fasahar kwamfuta wadda ta iya rage ihun ta fito da kayan kiɗa. Abin lura ne cewa a nan ma, kamar a ABBA, ɗan gida ne ya koma kan tsofaffin kaset bayan shekaru masu yawa. Idan ka ga ra'ayi a kan hayaniya, abin da za ka nema a ciki shi ne bayani: shin ana jin jama'a a cikin waƙa ko sai a ƙarshenta, shin suna rera amshi tare ko ihu kawai suke yi. Da wannan bayani kai za ka san ɓangaren da kake.

Saurara da kanka, sannan ka rubuta

Tsarin da ya fi amfani shi ne ka karanta ra'ayoyi kaɗan masu tsawo, ka haɗa da mafi zafin suka da mafi zafin yabo, ka rubuta a takarda zarge-zarge uku ko huɗu da za a iya gwadawa, sannan ka rufe komai ka saurari albam ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba. Albam ɗin dare ɗaya an shirya shi ne da hawa da sauka, kuma wanda ya tsinci waƙoƙin da ya sani kaɗai bai ji wasan ba. Na 2014 yana buɗewa da wani tsohon take na gargajiyar Suwidin wanda aka kaɗa ba murya, kafin manyan waƙoƙi su shigo, kuma wannan shimfiɗa tana da tasiri a kan yadda kunne yake karɓar abin da ke biye. A sauraro na biyu ne za ka ɗauko takardarka ka bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya.

Idan kai ma za ka rubuta naka ra'ayin, ka ambaci bugun da ka saurara da shekararsa da irin na'urar da ka yi amfani da ita, ka faɗi ko ka san waƙoƙin tun da ko yanzu ka fara jin su, ka kuma nuna waƙa da minti a duk inda ka yi zargin gyara. Ka raba abin da ka ji da abin da ka so, kowanne a jimlarsa. Ga wanda yake tsaye tsakanin albam ɗin ABBA guda biyu kuwa, shawarata ita ce ya fara da na 2014, ya bar na 1986 sai lokacin da yake son horar da kunnensa a kan bambancin hannun Ola Brunkert da bugun na'ura, ko kuma yana neman abin da aka naɗa a Ostareliya da a shirin 1981, wanda babu shi a sabon.